Shawarwarin masu haɗa ƙananan motoci da masu gyaran na gaske

A hirar masu haɗa ƙananan motocin roba na ma'aunin 1:25 (wato motar gaske ta ninka su sau 25 a tsawo), irin na kamfanonin AMT da Revell, abin da aka fi nanatawa shi ne haƙuri wajen fenti. A wanke sassan da sabulu tukuna, a fesa fenti sama-sama sau uku, kowanne ya bushe. Gam kuwa ɗigo ɗaya ya isa. Gam mai ƙarfin nan, wato sufa gulu, in ya taɓa gilashin motar sai ya yi hazo, aiki ya ɓaci.

Masu tsofaffin motocin Amurka na gaske, irin Dodge Charger ta 1969, tsatsa suka fi tsoro fiye da matsalar inji. Kafin ka saya, leƙa ƙarƙashinta da cikin but. In za ka kwance kafireto, ɗauki hoto tukuna, ka zuba notuna a leda ka rubuta mazauninsu.