Shawarwari daga zaman 'yan fansho a Zariya

A zaman ƙungiyarmu na wannan watan, maganar 'yan damfara ce ta cinye lokaci, kuma ta cancanta. Sukan kira dattijo a waya su ce daga ofishin fansho suke, wai za a biya shi ariyas, wato bashin fanshon da yake bi, ya turo lambar BVN da lambar sirrin katinsa. Abin da aka tsayar shi ne kada a faɗa wa kowa waɗannan lambobi, har da wadda banki ke turowa ta saƙo. Hukumar PTAD, mai kula da fanshon ma'aikatan gwamnatin tarayya na tsohon tsari, ba ta karɓar ko sisi kafin ta tantance mutum, don haka duk wanda ya nemi kuɗi ɓarawo ne. Idan an yi shakka, a taka zuwa banki tare da ɗa ko jika.

Masu cirar kuɗi a POS a Sabon Gari ko Tudun Wada, su kare da hannu yayin danna lamba, kuma kada su ƙirga kuɗi a bakin titi.

Wata hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta ja kunne kan kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, domin iskarsa na kashe mutum yana barci.