Murfin hita mai lamba 1 zuwa 5, dan Allah wa ya gane kansa?

Baban Hanifa, Bradford:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Wannan ne sanyinmu na farko a Ingila ni da iyali, gidan haya muke mai ɗaki biyu da falo. Kowace hita ta jikin bango tana da wani farin murfi a gefe da ake murɗawa, an rubuta 1 zuwa 5 da wata alama kamar tauraro. Mu dai tunda sanyi ya kama muka kai su 5 duka muka bari, to ɗakinmu cikin dare kamar gidan burodi har sai mun buɗe taga, amma ta ɗakin yara sanyi ƙalau take ko na kai 5 ko na dawo 1 duk ɗaya, ga ƙaramar watanta 8, abin yana damuna sosai wallahi, yanzu duk a ɗakinmu suke kwana. Sannan ta falo ba ta da murfin sam shi ne nake tunanin in sayo in ɗaura da kaina. Bil ɗin gas da ya zo kuwa sai dai innalillahi.

Injiniya Leeds:
Wa alaikumus salam Malam, sannu da zuwa. Abin da ya kamata ka fara ganewa, lambar nan ba kamar ta fanka ko ta murhun gas ba ce da in ka ƙara wuta ke ƙaruwa. Lambar ɗumin ɗakin kake zaɓa. A cikin murfin akwai ɗan kaki ko wani ruwa da yake kumbura in iskar ɗaki ta yi ɗumi, in ya kumbura sai ya danne wani ɗan fil na ƙarfe da ke ƙasansa, fil ɗin ya toshe hanyar ruwan zafi. Ɗaki ya huce ya sake, ruwa ya ci gaba da shiga. Shikenan aikinsa, ko batir babu. Lamba 3 wajen digiri 20 kenan, 2 wajen 16, ya ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In ka kai 5 ɗakin ba zai yi saurin ɗumi ba, kawai ka hana shi tsayawa ne, shi ya sa kuke gasuwa kuna buɗe taga kuɗinku na fita waje. Ku mai da naku 2 da rabi ko 3. Tauraron kuma na kare fayif ne kada ya daskare, wajen digiri 7.

Ɗakin yara ina kyautata zaton fil ɗin ne ya maƙale a ƙasa, yana yawan faruwa in an bar murfin a rufe duk lokacin zafi. Ka kai shi 5, ka kwance zoben da ke ƙasan murfin da hannu ka ɗaga shi, kada ka ji tsoro ruwa ba zai fito ba. Za ka ga fil ɗin. Ka danna shi da bayan cokali, lafiyayye yana shiga ya dawo da kansa. In bai motsa ba ka ɗan ƙwanƙwasa jikin bawul ɗin, wato ƙarfen da fil ɗin yake ciki, a hankali kana dannawa. Amma don Allah kar ka sa filaya ka fizgo shi sama, nan ne ake jawo yoyo.

Ta falo kuwa kar ka taɓa. Duba bangon falon, ina ga nan babban tamostat na gidan yake, wato na'urar da ke auna ɗumin gida ta kunna ko ta kashe boila (tukunyar da ke dafa ruwan zafin da ke shiga hitocin), kuma da gangan ba a sa murfin a ɗakin da yake, don in murfin ya rufe hitar kafin tamostat ya kai inda aka sa shi boila ba za ta huta ba. Kuma sa sabon bawul ba kamar canza murfi ba ne, sai an zubar da ruwan fayif, aikin mai gyaran famfo ne kuma sai da izinin mai gidan.

Maman Sadiq, Glasgow:
Allah sarki, Allah ya raya ta. Ƙari a kan abin da Injiniya ya faɗa, ɗakin jariri a nan ana so ya tsaya tsakanin digiri 16 zuwa 20 ne, zafi da yawa ma haɗari ne gare su, don haka ko ta gyaru kar ku kai 5, ku sayi ɗan ma'aunin zafi ku rataya nesa da hitar. Sannan ka faɗa wa uwargida ta lura da labule, ni dogon labulena na gida da na zo da shi ne ya rufe murfin, zafi ya taru a bayansa sai hitar ta riƙa kashe kanta ɗaki na sanyi, sai da na naɗe shi sama. Haka shanyar kayan yara a kan murfin. Kuma ɗakin da ba kwa shiga kar a kashe gaba ɗaya, a bar shi a 1 ko 2, in ba haka ba baƙar fumfuna ta kama bango bayan kabad kuma tana sa yara tari.

Ɗan Zango, Hamburg:
Nan Jamus ma haka take, kowa 3 ya sani. Mu har wani ɗan mita ake maƙala wa kowace hita, ƙarshen shekara a yi lissafi, wanda ya bar tashi a 5 a nan zai gane. In za ka sha iska ka murɗa murfin ka kashe hitar ka buɗe taga gaba ɗaya kamar minti biyar ka rufe, ya fi ka bar ta a ɗan buɗe wuni guda.

Baban Hanifa, Bradford:
Alhamdulillah jama'a na gode ƙwarai. Injiniya maganarka ce, fil ɗin ne, na danna sau da yawa sai na ji ƙas ya taso, ko minti goma ba a yi ba fayif ya ɗau zafi. Tamostat kuma a falon yake bayan ƙofa. Sai dai yanzu ƙasan hitar zafi, samanta sanyi, kuma tana wani ƙara kamar ruwa na gudu a ciki. Hajiya na gode, an ɗage labulen.

Injiniya Leeds:
Madalla. Wannan iska ce ta taru a sama. Akwai ɗan mabuɗi da ake sayarwa a shagon kayan gini, arha ne. Kashe boila ka bari hitar ta huce, ka sa tsumma a ƙasan ɗan ramin da ke gefe ta sama, ka sa mabuɗin a ramin ka murɗa kaɗan za ka ji fuuu, da zarar ruwa ya fara fitowa ka rufe. Bayan nan duba agogon jikin boila mai nuna ƙarfin ruwa, allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5, in ta sauka ƙasa da haka ka kira mai gidan ya turo a ƙara ruwa. In lokacin zafi ya shigo kun kashe boila ku bar murafen duka a 5 don fil ɗin kar ya sake maƙalewa.