Gardiner ne ya fitar da Toronto, ko dai an samu wanda za a rataya wa laifi ne?

Hirar masoya wasan hoki na ƙanƙara (gasar NHL) ce a watan Afrilun 2018, bayan Boston Bruins ta fitar da Toronto Maple Leafs a wasa na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe a karawarsu ta zagayen farko na neman kofi.

Baban Hanif: Salamu alaikum jama'a. Ni dai bari in faɗi abin da ke raina tun kafin in huce, Jake Gardiner ne ya fitar da mu jiya, shi kaɗai, kar wanda ya zo min da wani dogon turanci. Mun shiga zango na uku muna gaba 4-3 a gidan Boston, minti 20 kacal ya rage mu tsallake zagayen farko karon farko tun 2004, a ƙarshe aka tashi 7-4. Mutum ya gama wasa da -5 a wasa na bakwai, haba don Allah

Ɗan Boston: Wa alaikumus salam Baban Hanif, ya ƙarin haƙuri 😂

Baban Hanif: Kai ka yi min shiru ba da kai nake ba

Auwalu na Kano: Yaya ni fa kun sa na ƙi barci, sha biyu da rabi na dare aka take wasan a nan, na kalla har ƙarshe amma har yanzu ban gane wannan -5 ɗin ba. Ƙwallo biyar ya ci gida ko me?

Injiniya: A'a Auwalu. Lissafi ne kawai, duk lokacin da aka ci ku kana cikin fili a rubuta maka -1, in ku kuka ci a rubuta +1. Ba a lissafa wadda aka ci lokacin da wani naku yake zaman horo su suna da rarar mutum ɗaya. Matsalar wannan lissafin ba ya tambayar wa ya yi kuskure, ko yanzu ka diro daga benci ƙafarka ta taɓa ƙanƙara aka zura, an rubuta maka. Ko gola ne ya yi sake an rubuta maka, ko an cire gola an bar raga wayam aka jefa, an rubuta maka. Shi ya sa masu nazarin hoki suka daɗe da daina ba shi muhimmanci

Baban Hanif: To Injiniya mu bi lissafin naka. Bakwai suka ci, ta farkon ɗan wasansu DeBrusk da rarar mutum ce ba ta shiga, saura shida. Cikin shidan nan aƙalla biyar yana tsaye a wajen. Duk tsautsayi ne? Ruwa ba ya tsami banza malam

Injiniya: Ban ce bai yi laifi ba fa. Ya yi mummunan wasa, shi da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida cewa kaso mai yawa na rashin nan a wuyansa yake, idonsa ma ya kawo ruwa. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne kalmar "shi kaɗai"

Baban Hanif: Ai ka ga ma ya amsa laifinsa, me ya rage kuma

Maman Zara: Sannunku. Baban Hanif don mutum ya fito ya ɗauki laifi ba ya nufin na sauran ya goge, wasu ai sulalewa suka yi. Ni a kan golanmu Andersen zan yi magana. Yarona gola yake tsarewa a ƙungiyar yara ta unguwarmu, duk Asabar ina zaune a wannan sanyin ina jin abin da kocinsu yake nanata musu, in ka durƙusa ka haɗe gwiwa, sanda ta kwanta a kan ƙanƙara ta toshe tsakanin ƙafafu, ya fi faɗin wannan fiye da komai har yaran sun haddace suna kwaikwayonsa a mota. To ku koma ku kalli ta biyar ɗin, ta ina ta wuce? Ta tsakanin ƙafafun Andersen. Kuma ba wani shot mai ƙarfi ba ne, DeBrusk yana bugawa Gardiner yana kai shi ƙasa

Baban Hanif: Hajiya da girmanki amma ki fara kallo daga tsakiyar fili. DeBrusk ya taho ta gefen dama a guje, maimakon Gardiner ya ci gaba da ja da baya yana fuskantarsa ya matse shi jikin katanga, sai ya juya ta ɓangaren da bai dace ba ya ba shi ƙeya, kafin ya waiwayo yaro ya riga ya sha gabansa ya karyo ciki. Ɗan baya mai shekara bakwai a NHL, ɗan shekara 21 da bana ya fara ya yi masa haka. Da ya tsaya inda ya kamata ai ba ma za a yi shot ɗin ba balle a zo maganar ƙafafu

Maman Zara: Na yarda ya juya ba daidai ba, na gani. Amma ya biyo shi ya kama shi ya dake shi, bai bar shi ya tsallaka gaban raga ba. Gola aikinsa kenan ya rufe irin wannan ɓarakar. Shida aka ci shi cikin shot 35. A wasa na bakwai fa

Injiniya: Kuma ku tuna ta Krug wadda ta mayar da wasa 4-4, minti ɗaya da sakan goma da dawowa, ana huɗu da huɗu, daga can nesa kusa da shuɗin layi ya narko ta. Tun daga nan gwiwar yaran ta yi sanyi, suka daɗe ba su ko gwada Rask, golan Boston, ba

Alhaji Admin: Ku bi Andersen a hankali. Ba don shi ba da ba mu ga wasa na bakwai ba ma. Boston na gaba 3-1 a jerin wasannin, a wasa na biyar ya tare 42 a gidansu har su ne suka cire Rask, a na shida ɗaya tak aka ci shi. Wasa 66 ya tsare a kakar bana, ba golan da aka yi wa ruwan shot kamarsa a duk NHL, ya ci wasa 38 wanda ba golan Toronto da ya taɓa yi a kaka ɗaya. Jiki da jini ne. In gola ya fi kowa shan shot ai sai a tambayi waɗanda ke gabansa

Maman Zara: Ranka ya daɗe Alhaji ban musa ba. Amma shi ɗin ne dai aka cire a wasa na biyu bayan an ci shi uku cikin shot biyar. Yau ya zama bango gobe ya zama ƙofa, ba ka san wanda zai zo ba

Ɗan Boston: Ni fa ina jin daɗin yadda kuke rabon laifi a tsakaninku kamar Boston ba su buga komai ba. Pastrnak maki shida (ƙwallo da taimako) ya yi muku a wasa ɗaya, Bergeron bai buga wasa na huɗu ba muka je har Toronto muka ci ku 3-1. DeBrusk biyar ya zura a zagayen nan. Ku ce an fi ku kawai mu wuce wajen

Baban Hanif: Ku je ku haɗu da Tampa sai mu ga bakin

Ɗan Boston: Za mu je ai, ku kuma ku je ku ɗauko sandunan golf

Auwalu na Kano: Ni abin da ya burge ni wanda aka buga wa ƙwallo a baki jini na zuba ya fita ya dawo ya ci gaba da wasa

Alhaji Admin: Rielly kenan, shot ɗin Chara na Boston ne ya same shi. Allah ya kiyaye, wannan ƙaton in ya buga abu ba wasa ba ne

Injiniya: Yawwa tunda an ambaci Rielly bari in faɗi inda gizo ke saƙa. Ku duba ɓangaren dama na bayanmu gaba ɗaya. Hainsey shekararsa 37, asalinsa ma ɗan hagu ne aka mayar da shi dama, shi ake turawa ya tare Marchand da Bergeron da Pastrnak kuma shi ne dai ke kashe mintunan horo. Zaitsev da aka ba kwantiragin shekara bakwai kan dala miliyan 4.5 duk shekara, in ƙwallo ta zo sandarsa sai dai ya watsa ta jikin katanga ya yi addu'a. Sai Polak. Boston sun gane wannan tun wasan farko, su jefa ƙwallo lungun dama su bi ta da gudu su jira kuskure. Shi Gardiner da Zaitsev aka haɗa shi, ma'ana duk fitar da ƙwallo daga gida a kansa take, wanda ya fi kowa riƙe ta kuwa dole ya fi kowa zubar da ita a idon mutane. Manajanmu Lamoriello ya ga wannan ramin tun farkon kaka, da lokacin cinikin 'yan wasa ya zo ƙarshe me ya kawo? Plekanec daga Montreal, ɗan tsakiya. Ɗan baya ko ɗaya bai ƙaro ba

Baban Hanif: Injiniya kullum haka kake, a yi maganar mutum ɗaya ka kwaso mana har manaja. Lamoriello ne ya juya wa DeBrusk baya?

Injiniya: Shi ne ya bar mu ba mu da wanda za a saka in Gardiner ya rikice. Ka ce koci Babcock ya zaunar da shi, to ya sa wa? Dermott? Yaro ne da aka ɗauko daga ƙaramar ƙungiyarmu Marlies a watan Janairu

Baban Hanif: Dermott ɗin ai shi ya farke mana 3-3 jiya. Wlh da ni ne koci bayan zango na farko zan rage wa Gardiner minti in ƙara wa yaron, ko ba komai ƙafarsa na da sauri kuma ba ya tsoro. Dala miliyan 50 aka ba Babcock na shekara takwas don irin wannan daren, ya tsaya yana tauna cingam yana kallo

Maman Zara: To ka ga kai ma ka ƙaro mutum na biyu a jerin masu laifi, ɗazu ka ce shi kaɗai 😄

Baban Hanif: Hajiya kar ki kama ni da baki mana

Alhaji Admin: Akwai wanda har yanzu ba ku ambata ba kuma na san dalili, kowa na sonsa. Matthews. Ƙwallo 34 a wasa 62 a kaka, amma wasa bakwai da Boston ya tashi da ƙwallo ɗaya da taimako ɗaya. Jiya Marleau mai shekara 38 ne ya ci biyu, Kapanen ya ƙwace wa Marchand ƙwallo muna da mutum ɗaya a waje ya je ya kwantar da Rask, ƙananan 'yan wasa da tsofaffi sun yi nasu. Huɗu muka ci Rask cikin shot 24, ma'ana shi ma a daren a buɗe yake, da manyanmu sun matsa masa a zango na uku da wani labarin ake yi. Sannan Kadri, ya je ya daki Wingels na Boston a wasan farko aka dakatar da shi wasa uku, wa ya aike shi?

Injiniya: Alhaji a nan kam zan ɗan kare Matthews, shekararsa 20 kuma bai daɗe da dawowa daga ciwon kafaɗa ba, ga Chara a kansa duk inda ya juya

Alhaji Admin: Ka kare Gardiner ka kare Matthews, kai wa za ka bari mu zaga ne Injiniya

Injiniya: Na ba ku Zaitsev kyauta

Baban Hanif: Ni abin da ke ƙona min rai ba jiya kaɗai ba ne. 2013 a wannan filin dai muna gaba 4-1 a zango na uku, Horton ya ci, Lucic ya ci, Bergeron ya farke saura ƙasa da minti ɗaya sannan ya ƙarasa mu a ƙarin lokaci. Gardiner na cikin waɗanda suka buga wannan wasan. Shekara biyar ta wuce an canza koci an canza manaja an canza gola, shi yana nan, abin kuma ya sake faruwa

Alhaji Admin: Kadri da Bozak da van Riemsdyk da Komarov ma ai suna ƙungiyar a lokacin. Kuma a 2013 Gardiner na cikin waɗanda suka fi kowa taka rawa a wannan zagayen, na kalla da idona, gola Reimer aka ɗora wa laifi a lokacin. Garin nan kowace shekara sai an samu mutum ɗaya an rataya masa, tun 1967 ake abu ɗaya

Auwalu na Kano: Wato ku ma shekara 51 ba kofi? Ashe mu 'yan Arsenal muna da sauƙi

Ɗan Boston: Auwalu ka dawo Boston tun da wuri, 2011 muka ɗauka, ba sai ka tambayi kakanka ba

Baban Hanif: Ni dai matsayata ba ta canza ba, saura masa shekara ɗaya a kwantiragi, a sayar da shi bazarar nan tun yana da daraja a samo ɗan baya na dama mai tsayawa a gida

Injiniya: Ɗan baya mai maki 52 a kaka da ake biya dala miliyan 4.05, ka san nawa irinsa suke a kasuwa? Ranar da ka sa shi a kasuwa ƙungiyoyi za su yi layi, kuma ba wanda zai ba ka na dama mai kyau a madadinsa don kowa riƙe nasa yake. Mun yi maki 105 bana, ba a taɓa yi ba a tarihin ƙungiyar, da shi aka yi. Ka samo masa abokin tsayuwa na kirki ka rage masa nauyi, ba ka kore shi ka buɗe rami biyu ba

Baban Hanif: Maki 52 a Disamba da Janairu. Ni na Afrilu nake tambaya

Maman Zara: Ku sayar ko ku bari, ni dai a samo gola na biyu da Babcock zai yarda da shi ya riƙa hutar da Andersen, wasa 66 ya yi yawa

Alhaji Admin: McElhinney ai ya yi ƙoƙari bana Hajiya, kocin ne ba ya saka shi sai in wasa biyu sun zo a jere

Maman Zara: To a gaya wa kocin

Baban Hanif: Injiniya har yanzu ba ka ba ni amsa ba fa, ka kalli bidiyon ta biyar ɗin ka dawo ka ce min juyin da ya yi daidai ne

Injiniya: Na kalla, ba daidai ba ne. Kai ma ka kalli inda sandar Andersen take ka dawo