Yaran ajina sun ware kansu, ta ina zan fara?

Malamar aji uku:
Slm 'yan uwa malamai da iyaye, dan Allah shawara nake nema. Ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye a yankin Ringim, yarana sun haura tamanin, benci bai kai goma ba sauran a tabarma suke. An kai mu bita kwanaki an ce mu riƙa koya wa yara zaman tare da mutunta juna kar a ware kowa, to na dawo na rasa ta inda zan kama, dan abin da ke ajina ba na takarda ba ne. Akwai yaro mai shan inna da rarrafe yake shigowa, babu mai kiran sunansa sai dai a ce gurgu, har ni wlh na taɓa kama bakina zan faɗa. Akwai yara biyar daga ruga kullum suna can ƙarshen aji jikin bango, in ɗaya ya buɗe baki Hausarsa ta karkace sai aji ya fashe da dariya shi kuma ya sunkuyar da kai, ranar ba zai ƙara magana ba. Jiya da aka tashi tara na ga yarinya ta ƙi shan ruwa da kofin da ɗayansu ya sha. Na yi faɗa na yi nasiha, su ce to Malama, gobe a koma gidan jiya. Me kuke yi ku?

Tsohon hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika lura, da yawa ba sa ma gani. Shekara talatin na yi ina riƙe alli, abin da na gane shi ne yaro ba ya jin wa'azi kamar yadda yake kallon hannun malami. Fara da wurin zama. Duk ranar Litinin ki juya layi, na baya su dawo gaba, kuma ke za ki haɗa su da kanki, kar ki bari su zaɓa. Mai shan innan nan ki ba shi gaba kusa da ƙofa ki miƙa masa ajiyar alli da dasta, duk mai so sai ya kira shi da sunansa na yanka kafin ya karɓa. Sannan sharar aji, a daina barin wa mata kaɗai, maza ma su ɗau tsintsiya.
Tunda yaran suna zuwa Islamiyya sun san Abasa, ki tambaye su a kan wa ta sauka. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne kuma ladanin Manzon Allah SAW ne tare da Bilal, yara in suka ji wannan jikinsu yana sanyi. Kuma ki sani ba alfarma kike wa yaron ba, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ga kowane yaro, ba ta cire gurgu ko ɗan ruga ba.

Ɗan ruga:
Malama wannan rubutu naki ya taɓa ni sosai dan ni ne yaron jikin bangon nan. Na shiga aji ɗaya ban iya Hausa ba sai zo da tafi, shekara guda cur ban ɗaga hannu ba, in an tashi tara ina ɓuya bayan aji in ci ɗan dambuna ni kaɗai dan kar a ce ina warin nono. Abin da ya canza min rayuwa wani malamin lissafi ne Allah ya jiƙansa, rannan kawai ya ce in tashi in ƙirga da Fulatanci, jikina na rawa na ce go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi, sai ya juya ya ce wa aji to ku maimaita. Suka kasa faɗin ɗiɗi daidai ni nake gyara musu, ranar na fara jin ni ma akwai abin da na sani wanda ba su sani ba. Bayan nan har bina suke in koya musu sunan saniya da kalarta. Ki gwada wannan, ba ya cin ko sisi. Kuma in kin ga sun yi fashi da damina kar ki fara da bulala, kiwo aka tura su dan kar shanu su shiga gonakin mutane, gara ki samu ardo ku yi magana. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989 amma ba kowace ruga ke da makarantar ba, ajinki ne kawai gatansu.

Maman 'yan biyu:
Baba hedimasta ka yi haƙuri ni ina da ƙorafi kaɗan. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne amma zama a aji ɗaya ba shi ne karatu ba. 'Yata ba ta ji sosai tun da ta yi zazzaɓi mai zafi tana shekara huɗu, shekara biyu tana zuwa makarantar garinmu tana dawowa da littafi fari fat, malamin yana magana ya juya wa aji baya yana rubutu ita kuma baki take kallo. Ba a tsokanarta, ana ma sonta, amma ba ta koyi komai ba. Aka ce in kai ta Tudun Maliki a Kano inda ake koyar da kurame da makafi, ina ni ina raba yarinya 'yar shekara takwas da gida. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga, to Malama ki duba min, yaron nan naki da yake rarrafe ina yake zagayawa in fitsari ya kama shi? Wannan ki kai wa kwamitin kula da makaranta na SBMC da iyaye, ko keken guragu a haɗa kuɗi a saya masa.

Malamar aji uku:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Maman 'yan biyu wlh tambayarki ta hana ni barci, yau na tambaye shi a keɓe sai ya ce min ba ya shan ruwa da safe dan kar ya matsu, tunda masan makaranta ƙasan duk a jiƙe yake shi kuma da hannu yake tafiya. Na faɗa wa hedimastanmu ya ce zai kira shugaban kwamiti ranar Alhamis, ni kuma na ce zan zo zaman da kaina. Layi kuma na juya yau, an ɗan yi gunaguni, yarinyar kofin nan ta zo zama kusa da ɗaya daga cikin 'yan rugar ta matsa gefe, ban ce mata komai ba tukuna. Ɗan ruga dan Allah rubuto min shida zuwa goma, gobe lissafi ne darasin farko.