Na'urar tsaida fitsari: in sa ta yanzu ko in jira mai rimot?

Ɓoyayyen suna:
Salam 'yan uwa, admin a ɓoye min suna don Allah. Shekarata 58, an cire min furostet (ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsarar namiji) saboda kansa, shekara ɗaya da rabi kenan, Alhamdulillah kansar ta tafi amma fitsari bai daina zuba ba, kullum cikin famfas, jam'i ma na fara gudu, ga kuma harkar iyali ta tsaya cak. Likita yace akwai na'urar da ake dasawa, ɗana kuma yace in dakata wai ana ƙera wata mai rimot. In jira ne?

Abban Sadiq:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Wadda likitanka ke nufi AMS 800 ce, asalinta tun farkon shekarun 1970 a Houston ta Amurka. Zobe ne ake naɗawa a bututun fitsari, da ɗan famfo a cikin marena, da jakar ruwa a mara, in ka matsa famfon zoben ya saki kayi fitsari, bayan 'yan mintuna ya rufe da kansa. Mai rimot ɗin gaskiya ne, kamfanin UroMems na Faransa ke yinta, amma gwaji ake har yanzu. Kafin a amince da ita ta iso nan, ga dala, haba Baba. Ni dai bazan ce ka zauna cikin famfas kana jira ba.

Malamar asibiti:
Abin da ba a cika faɗa ba: ba a kunna ta sai bayan wajen sati 6. Kuma duk ranar da aka kwantar da kai, KAR a sa maka robar fitsari sai an kashe na'urar, in ba haka ba zoben zai ci bututun. In kana da suga a daidaita shi tukuna saboda ƙwayoyin cuta.

Abu Hanan:
Maganar iyali ita ma akwai tata na'urar da ake hurawa, amma in an sa babu komawa yadda Allah ya halitta, a fara gwada ƙwaya da allura. Kuma ka shiga da Hajiya wajen likitan, kar ta ji a bayan fage.

Malam na ƙofa:
Jam'i kuwa ka koma gobe. Salasul bauli ne, wato yoyon fitsari, a Malikiyya in yana zuba rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala.

Ɓoyayyen suna:
Na gode, Allah ya saka. Malama suga na na nan, dashi zan fara.