Neman kalma: me za mu kira "vegan" da Hausa?

Jama'a ku zo mu yanke maganar nan, don kullum aka zo fassara sai a rubuta "mara cin nama" a wuce, kuma ba shi ba ne. Mara cin nama shi ne vegetarian, zai sha fura da nono ya ɗora da wainar ƙwai ko a jikinsa. Shi vegan ba nama, ba kifi, ba nono, ba man shanu, ba ƙwai, zuma ma ba ya sha, da yawansu ko takalmin fata ba sa sawa.

Su Turawan ma ƙera kalmar suka yi. A 1944 ne Donald Watson da abokansa a Ingila suka ware daga masu barin nama kawai saboda maganar nono, suka yanko kan kalmar vegetarian da wutsiyarta suka haɗe. To mu ma ba wanda ya riƙe mana hannu.

An kawo "maci ganye". Wannan ai akuya ce, kuma wake da gero da gyaɗa ba ganye ba ne. "Ɗan ganye" kuwa dan Allah a bar shi, kowa ya san me ake cewa ganye a bayan layi, kar mu ja wa bayin Allah NDLEA.

Wata 'yar'uwa ta ce "mai azumin nama", har ta kawo misalin Kiristocin Habasha da ba sa cin komai na dabba ranakun Laraba da Juma'a. Hajiya misalin ya yi, amma azumi ana shan ruwa, wannan kuwa ba ya jiran magariba.

Ni dai ina ganin sai an duba dalilinsu kafin a sa suna, don yawancinsu ba ƙin ɗanɗanon tsire suke ba, yadda ake samo abincin ne ya dame su. A manyan gonakin kajin ƙwai, tsakin da ya fito namiji ranar da aka ƙyanƙyashe shi ake kashe shi tunda ba zai yi ƙwai ba kuma bai da naman da zai biya abincinsa, abin ya yi yawa har Jamus ta haramta shi daga 2022, haka gonakin madara ana raba ɗan maraƙi da uwarsa tun yana ɗan kwanaki don nonon ya tafi kasuwa. Wasu kuma ɗumamar yanayi ce hujjarsu, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, a 2013 ta ce kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya daga kiwo take. Kuma ba Turawa suka fara ba, Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya bar nama da nono da ƙwai da zuma.

Kun ga ashe maganar duk a kan barin dabba take. Shi ya sa na ce "bar-dabba". Ɗan bar-dabba, 'yar bar-dabba, 'yan bar-dabba. Ƙirar tamu ce, irin ta dafa-duka da ci-rani, kuma ta kama har jaka da takalmi. Abin da za a rubuta a jikin kwali ko takardar gidan abinci kuma sai a ce "tsiro zalla", kamar awara, ƙosai, kwaɗon zogale.

Malam da ka ce ai haramta halal ne, sa wa abu suna ba bin sa ba ne, ko hukunci za ka yi masa sai ka kira shi da wani suna tukunna. Mai tambayar ko barin abincin dabba na taɓa lafiya kuma, e, sai sun haɗa da ƙwayar bitamin B12 don tsiro ba ya ba da shi.

Ku gwada a baki ku ji: "baƙon nan ɗan bar-dabba ne, a yi masa ɗanwake da man gyaɗa kar a sa ƙwai." Ni ta zauna min. Inda ta ɗan yi tangarɗa zuma ce, tunda Bahaushe ba ya ce wa ƙudan zuma dabba, ƙwaro yake cewa. Wanda yake da wadda za ta haɗa har shi ya kawo mu gani.