Lambar bakod ta ce China, dila ya ce Ingila, ya zan yi?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Adashina na kwasa, na haɗa da kuɗin da ƙanwar maigida ta ranta min, wadda dama tun bikin 'yarta ba ma ɗasawa sosai, kuma ta ce kafin azumi take so, na saro man shafawa a Sabon Gari. Dilan ya rantse man ɗan Ingila ne. Jiya yarona ya haska bakod ɗin da waya, manhajar ta ce ba ta san kayan ba, lambar kuma da 690 ta fara. Wallahi barci ya ƙaurace min.

Abban Sadik: Hajiya, 690 China ce. An cuce ki, ki mayar masa yau.

Injiniya: A'a malam, a daina yanke hukunci da ka. Lambobi 3 na farko ƙasar da kamfanin ya yi rajista da GS1, ƙungiyar da ke raba lambobin bakod, suke nunawa, ba inda aka haɗa kayan ba. 690 zuwa 699 na China ne, 500 zuwa 509 na Birtaniya, 890 Indiya, 615 tamu ta Najeriya. Kamfani zai iya rajista a nan ya haɗa kaya a can. Hajiya, ƙirga lambobin: 13 ne ko 12? Bakod mai 13 EAN ake ce masa, mai 12 UPC, wanda aka fi gani a kayan Amurka.

Ummu Aisha: Ni ma haka wani ya sayar min da madara saura wata ɗaya ta lalace, har yau yana min "gobe". Dilolin nan sai Allah.

Maman Hanif: 13 ne. Amma fa shekara da shekaru nake sari a wurinsa, ɗan unguwarmu ne, ba zai yi min haka ba.

Injiniya: Unguwa ba hujja ba ce. Manhajar waya ma ba hujja ba ce, abin da aka zuba mata kawai ta sani. Kuma bakod zane ne, mai jabu yana kwafarsa a injin ɗab'i ya manna. Duba inda aka rubuta ƙasar da aka yi shi, lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Man shafawa in babu rajistar NAFDAC, kada ki ɗora shi a kantar sayarwa.

Baba Ɗanladi: 'Yata, ki rage kuɗi ki sayar, ki faɗa wa masu saye gaskiya.

Injiniya: Baba, fatar mutane ce fa.

Maman Hanif: Na riga na sayar da katan ɗaya, ba wadda ta kawo ƙorafi. Ni dai tambayata, 690 ɗin nan dole China ce?

Abban Sadik: Ai na faɗa miki tun ɗazu.

Injiniya: Turo hoton bayan kwalbar mu gani.